Usta Shefki Ya Shiga Jirgi

"Ke za ki zana shi," in ji Ramiz mai aski. "Ba shawara na kawo miki ba, an riga an gama magana a shagona."

A ƙofar gidan makoki ya tare ni, ina neman takalmina cikin tarin takalman mata. Na ce masa ni fasassun tukwane nake zanawa, ba mutane ba.

"Farfesa, duba garin nan da kyau. Wa ya rage da ya iya riƙe alƙalami, in ba don ya sa hannu a takardar biza ba? Kyaftin za ki yi mana shi. A saman jirgi, da takobi, da hula mai gashin tsuntsu."

Kai ake wa wannan shiri, Usta Shefki Gorana. Ka rasu ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu na shekarar 2025, da hantsi, a gidanka da ke cikin ganuwar tsohon garin Ulcinj, kana da shekara tamanin da uku. Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, kuma gare shi za mu tarar da kai. An ce ka sha gahawarka, ka yi ƙorafin ta yi sanyi, ka jingina da bango. Da la'asar muka miƙa ka. Ruwan sama ya tsaya daidai lokacin da ake buƙata, abin da bai saba yi mana ba a wannan wata.

Fiye da shekara hamsin ka yi kana sayar wa baƙi taswirar wuraren da 'yan fashin teku suka binne dukiyarsu. 'Yan fashin dai an yi su a garin nan, kakanninmu ne, kuma ba ma jin kunyar faɗa muddin baƙo ne ke saurare. Dukiyar ce ba a taɓa binnewa ba. Duk wanda ya san mutanenmu ya san ba za su haƙa rami su zuba zinariya su tafi ba, da sun cinye ta a bikin ɗa tun kafin sanyi ya shigo. Amma kai ka zana akwatuna a ƙarƙashin duwatsu, da kifaye masu girman masallaci, da kogo mai ƙwarangwal a bakinsa, da jiragen da suka nutse ƙyallayensu na leƙowa daga ruwa. In an buga maka takardun, sai ka jiƙa su a ruwan shayi da ɓawon albasa. Matarka, Goggo Nafije, ta shanya su a igiya tsakanin rigunanka, ƙarƙashin bishiyar lemun tsamin da ke tsakar gida. In sun bushe ka babbaka gefensu da kyandir. Da safe takardar sabuwa ce, da la'asar ta shekara ɗari uku.

A kan wannan muka fara sanin juna da gaske. Na dawo daga jami'a a Sarajevo, na kama aiki a gidan tarihi, inda nake auna gutsattsarin tukwane ina zana su. Wata rana wani dattijo daga Austriya ya shimfiɗa mini taswirarka a kan tebur, ya ce yana son ganin takobin Kyaftin Selman Gurgu, ɗan fashin da ka rubuta sunansa a kanta. Ban taɓa jin sunan ba. Da yake a lokacin ina da ƙuruciya da yawan gaskiya, sai da na je har Dubrovnik na tona tsofaffin takardu. Babu Selman, gurgu ko mai ƙafa biyu. Na zo shagonka da sakamakon bincikena a hannu.

"Usta, mutumin nan ba a taɓa haihuwarsa ba."

"Kin duba ko'ina?"

"Ko'ina."

"To kin ga gwaninta. Duk sauran an kama su, shi ya sa kika same su a takarda. Zauna, Farfesa, gahawa na kan wuta."

Daga ranar sunan ya bi ni, ko da yake ba a taɓa ba ni wannan muƙami ba. Na zauna, na sha gahawar, kuma na ci gaba da shan ta kusan kowace Asabar har tsawon shekara talatin. Ban taɓa janye maganata ba, kai ma ba ka taɓa neman in janye ba. Baƙon da ya tambaye ni nakan ce masa taswirar Usta ba tarihi ba ce, amma ya saya, don ta fi duk abin da ake sayarwa a bakin teku kyau. Kai kuma kakan ce musu in suna son su ji yadda ake kashe labari mai daɗi, su hau gidan tarihi su nemi Farfesa. Haka muka riƙa aika wa juna mutane.

Ina so a rubuta alherinka yadda yake, don masu yabon mamaci kan zuba masa halayen da ko shi ba zai gane kansa a ciki ba. Kai ba mai haƙuri ba ne. Ba ka da kyauta ta hannu, wanda ya ari kwalbarka ta tawada sai ya ji a jikinsa. Alherinka a cikin aikinka yake, kuma sai mai lura ke ganinsa.

Jar alamar nan da kake sawa a inda dukiyar take, a bugun farko ka sa ta a gindin wani tsohon zaitun. Wasu samari biyu daga Jamus suka je da shebur suka sassare saiwoyin. Mai bishiyar ya zo shagonka da fartanya a kafaɗa, kuma ba noma ya kawo shi ba. Tun daga nan alamar ta koma cikin teku, inda ba a yi wa kowa ɓarna. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne dalilin da ya sa take yawo. Bana tana gabas da ganuwa, baɗi ta koma bayan tsibirin duwatsu. Na zaci mantuwa ce. Sai daga baya na lura cewa duk shekarar da wani masunci ya shiga wani hali, injinsa ya mutu ko matarsa ta kwanta asibiti, a shekarar ne dukiyar Kyaftin Selman ke tashi ta koma daidai mashigin da shi kaɗai ya saba bi. Baƙi su yi layi a kwale-kwalensa duk bazara, su leƙa ruwa, su ɗauki hoto, su dawo da murna ba su sami komai ba. Da na yi maka maganar, sai ka ce igiyar ruwa ce ke jan akwatin. Ka ce tunda na yi karatu ya kamata in san wannan.

Amma ba don baƙi garin nan ke kuka da kai ba. Don jirgin ne.

A bangon shagonka akwai uwar taswira, wadda daga ita ake ɗaukar hoton kowane sabon bugu, a kan takarda mai kaurin fata. Tun farko ka cika titunanta da mutanen garin, ƙanana kamar tururuwa, kowa a ƙofarsa. Ba ka taɓa yi wa kowa fuska ba. Da tsayuwar mutum da abin da ke hannunsa ake gane shi. Liman ya taɓa zuwa ya yi maka nasiha a kan zana masu rai, ka ba shi gilashin ƙara girma ka ce ya nemo ido ko hanci ɗaya. Bai samu ba, amma ya sami kansa a bakin masallaci da lemarsa, ya ce lemar ta yi ƙanƙanta. Ka ƙara mata faɗi.

Sai girgizar ƙasa ta zo, da safiyar wata Lahadi ta watan Afrilu a 1979. Ina yarinya a lokacin, abin da na fi tunawa shi ne ƙura da kukan karnuka. Rabin gidajen da ke taswirarka suka zama tsibin duwatsu. Bangon shagonka ya tsaya, da takardar a jikinsa. Bayan an yi binne-binne, Marije, matar Pal mai gidan burodi, ta shigo ta tsaya a gabanta. Mijinta, wanda girgizar ta kashe, na nan a zanen, tsaye a ƙofar gidan burodin da babu shi, riƙe da dogon katakon da yake zura burodi a tanda. Ta ɗauki reza a kan teburinka ta kankare shi da hannunta. Kai kuma ka duba gefen takardar, inda ka zana babban jirgin 'yan fashi yana fita daga gari babu kowa a cikinsa, ka tsoma alƙalami ka sa Pal a ciki, da katakonsa.

Ba wanda ya kafa doka, amma daga ranar haka ake yi. In an yi rasuwa, bayan addu'ar bakwai, dangi su zo shagon. Ramiz, da mahaifinsa kafin shi, su kawo reza wasasshiya. Wani na jikin mamacin, shi da kansa, ya kankare shi daga tudu. Kai ka sa shi a jirgi da abin da aka san shi da shi. Garin nan maƙabarta uku gare shi, ta Musulmi da ta Katolika da ta Otodoks, kowacce da katangarta. Jirgi ɗaya ne. Ka ƙara masa tsawo sau da yawa, har ya zama jirgin da babu tekun da zai ɗauke shi. Kuma ba ka bar halinka ba. Wa da ƙane da suka mutu ba sa ga maciji a kan bishiyar zaitun ɗaya, ka ba su igiya ɗaya su ja. Mahaifiyata tana can kusa da tukunya da ludayinta, tana kallon yadda wata ke girki, kuma ko ba fuska na san ba ta gamsu ba.

Kai ma kana taswirar. Kana zaune a ƙofar shago da alƙalami a bayan kunne, Goggo Nafije na gefe tana shanya. Duk mutanen da ka zana suna fuskantar teku, kai kaɗai ka ba shi baya. Kowa ya san dalili. Mutumin da ya zana kowane mashigi da kowane dutse na gaɓar nan bai taɓa sa ƙafa a kwale-kwale ba. Daga bakin masunta ka ji komai. Ko a kan ganuwa ka tsaya iska na kaɗa ruwa, sai ka kama bango.

Wannan ne ya kawo mu maganar Ramiz. An yi addu'ar bakwai, an raba alewar sadaka, ya wasa rezarsa ya nannaɗe ta a farin ƙyalle ya tafi gidanka. Goggo Nafije ta karɓe shi, ta ba shi gahawa, ta mayar masa da rezar. Mabuɗin shagon na aljihun rigarta. Ɗanka Besnik, wanda ya zo daga Amurka kuma ranar komawarsa ta matso, ya ce zai yi kankarar da kansa. Ta ce masa ya fara kankare gemun da ya zo mata da shi. 'Yarka Merita ta yi kuka, ta yi lallashi. Maza suka yi ta taro a shagon aski suna ƙara wa hularka gashin tsuntsu. Kai kuwa kana zaune a ƙofar shago cikin masu rai, kai kaɗai cikin duk waɗanda garin ya binne tun girgizar ƙasa. Mutumin da ya shigar da kowa jirgi, shi za a bari a baya.

Na je wurinta da hantsi, ba don an aike ni ba. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake.

"In Ramiz ne ya turo ki, Drita, ki gaishe shi."

"Ba shi ba ne, Goggo. Zuwa na yi in gaya miki ba zan zana shi kyaftin ba. Shekara talatin ina cewa taswirar nan cike take da ƙarya, ba zan ƙara wata da hannuna ba. Mutumin da ko wuƙar yanka burodi sai ya miƙo miki, shi za a ba takobi?"

Ta ɗago ta dube ni. Tun rasuwar ban ga ta dubi kowa sosai ba.

"Can sama suke so su kai shi," ta ce. "Can baya, inda jirgi ya fi tashi da faɗuwa. Shi kaɗai, kowa na kallonsa." Ta ture farantin waken. "Na san takarda ce. Ban haukace ba."

"Na sani."

"To."

"A ina kike so a sa shi?"

Daga baya na gane cewa duk cikin masu lallashi da masu taro, ba wanda ya yi mata wannan tambaya.

"Kuna cewa bai taɓa shiga jirgi ba," ta ce. "Ya shiga. Shekarar da muka yi aure ya ce tawadar ƙasar nan ruwa ce, sai mun haye Italiya ya sayo ta kirki. Muka hau babban jirgi a tashar garin Bar. Ko fita daga tasha ba mu gama yi ba ya zama kore kamar ganyen inabi. Wani ma'aikacin jirgin ya ce in kai shi tsakiya, ƙasa-ƙasa, in zaunar da shi ya jingina, kada ya kalli ruwa. Ina da lemun tsami a jaka. Na yanka ina ba shi yana tsotsa, yana ce mini in ya mutu in auri wanda ya iya iyo. Da muka sauka ya rantse ba zai sake ba. Ta ƙasa muka dawo, a jirgin ƙasa da mota, muka zagaye teku gaba ɗaya da kwalaben tawada a cinyata. Ya ce in na gaya wa wani sai ya zana ni da gemu."

Ta miƙe, ta kama reshen bishiyar da ke kanmu, ta tsinko lemun tsami ɗaya ta sa a aljihu tare da mabuɗin.

"Ki kira wancan mai askin. Ya zo da rezarsa, ya bar bakinsa a gida."

Mu biyar muka shiga shagon, ita da 'ya'yanka biyu da Ramiz da ni. Warin shayi da albasa na nan yadda ka bar shi. Ta sa tabarau, ta karɓi rezar, ta ƙi a riƙe mata hannu. A hankali ta yi, daga ƙafafunka zuwa sama, tana hure garin takardar. Alƙalamin bayan kunnenka ne ya tafi a ƙarshe. Ta bar kujerar.

Na ɗauki alƙalaminka, abin da ba ka taɓa yarda in yi ba kana raye. Na sami wuri a tsakiyar jirgin, a gindin babban sandan da ke riƙe da ƙyallaye, tsakanin Pal da buhunan gari. Na zaunar da kai ka jingina, bayanka ga ruwa. Goggo ta ajiye lemun a kan tebur don in gani, kamar ban san siffarsa ba. Na sa maka shi a hannun dama, na ɗiga masa rawaya.

Ramiz ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai ba kyaftin ba ne. Wannan fasinja ne da bai biya kuɗin jirgi ba."

"Ka gane shi ko ba ka gane shi ba?" in ji Goggo.

Ya ciro hankici ya ce ƙurar takardar ce ta shiga masa ido.

Ita kuma ta duba aikina ta ce hannuna ya fi naka nauyi, kuma lemun ya yi kama da ƙwai. Gaskiya ta faɗa. Sannan ta mayar da ido kan tudu, inda take tsaye da kayan shanyarta kusa da kujerar da babu kowa, ta ce buhun da ke gefenka kada wanda ya taɓa shi, ita ta san wadda za ta zauna a kai.

Usta, ina nan a kan bakana. Ba a taɓa yin Kyaftin Selman Gurgu ba, babu akwati a ƙarƙashin kowane dutse, kuma baƙon da ya tambaye ni gobe haka zan gaya masa. Amma mutanen da ke cikin jirgin nan duk an yi su, na san su, na ci burodinsu, kuma babu wata takarda a gidan tarihi da ta riƙe su kamar yadda taka ta riƙe.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, na baki da na alƙalami. Ya sa alherin da ka ɓoye a bayan jar alama ya riga ka isa. Ya sauƙaƙa maka wannan ƙetarawa, ya sauke ka a tudun da ba ya girgiza. Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo Nafije, wadda ta shanya maka ƙarnuka a igiyar wanki ba ta taɓa tona ka ba, da Besnik da Merita da 'ya'yansu, da masuntan gaɓar nan, da duk gidan da ke da mutum a jirgi. Allah ya ba su haƙurin rashinka, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Da tawadar ta bushe suka fita ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta miƙo mini mabuɗin ba tare da ta dube ni ba, ta ce in na gama wanke alƙalamin in rufe, kuma in tuna ƙofar ba ta shiga sai an ɗan ɗaga ta. Na wanke shi, na mayar da shi inda kake ajiyewa. Na bar lemun a kan tebur. Na ɗaga ƙofar, ta rufu, na gangara ta bakin ganuwa. Teku na ta haukansa na Fabrairu.